Shekarar da Na Koma Amshi

Wata safiyar Talata ce cikin watan Agusta na shekarar 2021. Ina zaune a ƙasa a falon 'yata Rahila, can bene hawa na goma sha ɗaya a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, ƙasar Malaysia, ina tsintar wake a faranti, jirgin ƙasan nan nasu mai bi ta sama yana wucewa ta taga ba kowa a cikinsa. Rahila ta fito daga ɗaki ta tsaya gaban fiyano, ta danna wuri ɗaya, ta buɗe baki. Muryar ta fito, ta tashi kamar za ta yi abin da ta saba, sai ta tsinke a tsakiya, tari ya biyo baya. Ta sake. Ta kuma sakewa. A karo na huɗu ta rufe fiyanon a hankali, ta zauna ta juya mini baya. Mako uku ke nan da sallamo ta daga asibiti, inda korona ta kwantar da ita kwana goma sha biyu da robar iska a hanci. "Mama, na gama," in ji ta. "Zan rubuta wa masu wasan su ba wata matsayina. Koyarwar ma ta ishe ni." Na ci gaba da wakena har na gama, don ni ba a yi mini gaggawa.

Rahila ita ce autata. Waƙar da take yi opera suke ce mata, wadda mutum zai tsaya a kan dandamali ba lasifika a bakinsa, makaɗa wajen hamsin suna ƙasansa, ya cika zaure da muryarsa ita kaɗai. A cikin mawaƙan cocinmu na Zariya ta faro, daga nan jami'a, daga nan Turai, har ta zo ta zauna a Kuala Lumpur tana waƙa tana kuma koyar da murya a wata makarantar kiɗa. Kafin ciwon an riga an ba ta babban matsayi a wasan da za a yi ranar da aka buɗe zauruka. Ni kuwa aikin ido ya kawo ni, wata uku aka ce zan yi, aka rufe ƙasa da ni a ciki. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Wannan ma ni ke faɗa ita ke bugawa a kwamfuta, na kuma ce kada ta gyara mini baki. Amma abin da ya same ta ya taɓa samuna ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya, kuma labarinsa na zaunar da ita na ba ta ran nan.

A ƙauyenmu na ƙasar Zazzau gidanmu babba ne, sassa huɗu, rumbuna a jere bayan turken awaki, da gwanda biyu kusa da inda ake wanke-wanke. Kafin rana ta ɗaga yarinya ta riga ta je rafi sau biyu. Sai shara, sai surfe, sai bakace, sai a goya miki ƙane ki tafi yankan ciyawa. Idan an samu sarari da hantsi mu taru a gindin ɗorawa mu yi carafke da tsakuwa, ko mu zana 'yar gala-gala a ƙasa mu yi ta tsalle har wata ta faɗi a yi mata ihu. Ba aikin da muke yi shiru. Daka da waƙarsa, niƙa da tasa, hanyar rafi ma da tata. Waƙarmu kuwa kashi biyu ce: mai bayarwa ta jefa baiti, 'yan amshi su karɓa su mayar mata. To, ni ce mai bayarwa, tun haƙoran gabana ba su gama fitowa ba. Ladi mai murya ake ce mini har ƙauyukan da ke tsallaken rafi, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Shekarar da aka samu 'yancin kai aka sa yayana a makarantar mishan ta bakin hanya. Ni aka ce in zauna, hannuna yana da amfani a gida. Nakan kai masa abinci da tsakar rana, in jingina da dangar makarantar in ji malami yana koya musu waƙa da sanda a hannu, su kuma suna jan ta kamar awakin da aka manta a turke. Sau ɗaya nake ji in riƙe. A hanyar komawa in rera ta tsaf, har malamin ya taɓa leƙowa yana tambayar 'yar gidan wa ce. Na ji daɗi, amma ba can idona yake ba. Idona yana kan gayya.

Wanda bai ga gayya ba sai a yi masa bayani. Mai gona zai sanar, mata su kwana biyu suna surfe da dama kunu, ranar kuma samari su jeru a bakin gona kafaɗa da kafaɗa, kowa da garmarsa. Mai gangar noma yana gefe, mu 'yan mata muna bayansu muna tafi. Waƙar ba ado ba ce. Ita ke gaya wa garma lokacin tashi da lokacin sauka, don mutum ashirin da ke sara kusa da ƙafafun juna dole hannunsu ya zo ɗaya. Mai bayarwa kuwa ba ta da damar gajiya, tun hantsi har rana ta karkata. Damina biyu na riƙe wannan aikin, ina ƙaramar da sai an ɗora ni a kan kututture kafin a gan ni.

A bazarar da ta biyo baya tarin shiƙa ya shigo ƙauyen. Ya ɗauke jarirai biyu a gidanmu kaɗai. Ni ya kwantar da ni kusan wata biyu, ina tari har idona ya yi ja, in shiɗe in dawo. Da na tashi ƙafafuna kamar sillen kara. Amma ba ƙafafun suka dame ni ba. Ranar da na fara komawa rafi na buɗe baki a hanya, sai na ji wani abu ya fito kamar kukan tsohon zakara, numfashin kuma ya ƙare kafin baitin ya kai rabi. Na ajiye tulu na zauna a kan hanya na yi kuka, kukan ma bai fita da kyau ba.

Kaka Tabawa, uwar babanmu, zabiya ce a zamaninta, ko da yake lokacin da na san ta kaɗi kawai take yi a ƙofar ɗakinta. Ita ta karɓe ni. Abu na farko ta hana ni waƙa gaba ɗaya, har ƙwala wa mutum kira ta hana. Ta riƙa ba ni ruwan ɗumi da zuma da 'yar citta. Sannan ta sa a karyo mata karan ganyen gwanda, wanda cikinsa rami ne, ta tsoma bakinsa a ƙwaryar ruwa ta ce in hura a hankali, kumfan ya riƙa tashi ba yankewa. "Ba ƙarfi nake so ba, Ladingo, tsawo nake so," haka take cewa kullum. Ranar da na fara ganin ɗaliban Rahila a fuskar kwamfuta, kowa da tsinken shan lemo a kofin ruwa yana hurawa, sai da na yi dariya har ta ce in koma ɗaki. Ashe abin da suka tafi Turai nema yana nan a bayan madafinmu.

Na bi Kaka har aka yi shuka, aka yi noman fari. Sai lokacin maimai ya zo, gayyar kuma ta gonar babana ce. Jummai, 'yar ƙanen babanmu, wadda ni na koya wa duk abin da ta sani, ita aka ɗora a kan kututturen. Kaka ta ce aikina ran nan ruwa ne kawai. Na yi sawu uku da tulu. A sawu na huɗu na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, "Ashe Jummai ma ba baya ba." Shi ke nan. Na sauke tulun, na kutsa cikin 'yan matan, da Jummai ta tsaya jan numfashi sai na riga ta jefa baiti. Na farko ya fita lafiya, har na ga kawuna sun juyo. Sai na ɗauko dogon nan da ake kirarin manomi da shi, wanda a da nake yinsa da numfashi ɗaya. A tsakiyarsa muryar ta tsage, tari ya turnuƙe ni, na durƙusa. 'Yan amshi suka rasa inda za su shiga. Garmuna suka rikice, wasu a sama wasu a ƙasa, ta wani saurayi ta sauka a gefen ƙafar na kusa da shi. Mai ganga ya ɗauke hannu. Ba babban rauni ba ne, an ɗaure da tsumma ya koma gida yana ɗingishi, amma jini ya zuba a gonar babana, kuma kowa ya san bakin da ya jawo. Jummai ta ɗauki waƙar aka ci gaba. Babana ko kallona bai yi ba, wannan kuwa ya fi mini duka zafi.

Na zaci Kaka za ta zane ni. Ko tsawa ba ta yi ba. Ta ci gaba da murza mazarinta ta ce, "Daga yau har gero ya sake tsirowa, bayan Jummai za ki tsaya. Amshi kawai." Na ce gara in daina waƙar gaba ɗaya. Ta ce, "Dainawa ai sauƙi ce, kowace raguwa ta iya." Da wannan maganar ta kama ni, don ta san abin da ba zan yarda a kira ni ba.

Ban taɓa ganin shekara mai tsawon wannan ba. A wurin daka, a hanyar rafi, a gidan suna, ina baya ina mayar wa Jummai baitocin da ni na sa mata a baki. 'Yan mata kuma ba su da tausayi. "Zabiya, yau ma a baya?" in ji su, su fashe da dariya. Nakan cije in yi amshina da kyau, don na ƙudura ko a bayan ma ba wadda za ta fi ni. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba ina gaba. Amshi gajere ne, kina yinsa kina hutawa, idan kuma numfashinki ya gaza akwai baki goma da za su rufa miki asiri. Na kuma gane cewa duk shekarun da nake taƙama da dogon numfashi, a cikin amshinsu nake shan iska ban sani ba.

Ainihin aikin kuwa a bakin dutsen niƙa aka yi shi. Kowace safiya in durƙusa da ƙwaryar dawa, Kaka ta zauna gefe da audugarta. Ta nuna mini in saki murya lokacin da nake tura ɗan dutsen gaba, in ja iska lokacin da nake dawo da shi, cikina ya yi aikin ba maƙogwaro ba. Da farko ita ke bayarwa ni ina amsawa. Bayan an yi girbi ta juya abin: in ba da baiti ɗaya gajere, ita ta amsa da dogon amshi, ta ja shi ta ja shi da tsohuwar muryarta har sai ta ga kafaɗuna sun sauka, sannan ta sakar mini. Haka muka yi ta yi har rani ya yi nisa. Abin da ban sani ba, kullum tana ɗan rage amshin nata, kaɗan-kaɗan yadda ba zan ji ba. Wata safiya na share garin ƙarshe daga kan dutsen na ɗago, sai na ga tana ƙulla zarenta da ya tsinke, bakinta a rufe. Na ce, Kaka, yaushe kika daina amsawa? Ta ce, "Tun ƙwaryar tana rabi. Tashi ki tankaɗe."

Da damina ta dawo na koma kan kututturen. Amma zan faɗi gaskiya, muryar da ta dawo ba wadda ta tafi ba ce. Siririyar nan mai hawa sama kamar sarewa ba ta sake zuwa ba har yau. Wadda na samu ta fi kauri, ta fi faɗi, tana bin ƙasa ta kai ƙarshen gona. Muka raba waƙoƙin da Jummai, masu hawa sama nata, dogaye nawa. Ta fi ni a nata ɗin. Ban taɓa gaya mata ba har ta rasu, to yau na faɗa.

Da na kai nan Rahila ta share ido ta ce, "Mama, tamu waƙar ba ta da amshi a tsakiya. A rubuce take, ba a ƙara mata ba a rage mata." Na ce, Auta, a can zaurensu ke nan. A nan gidan kuwa za ta yi amshi, ko da wane yare aka rubuta ta. Na ce ke da kike hana 'ya'yan mutane gaggawa a kwamfuta tun safe har yamma, mako uku da barin gadon asibiti kike neman muryar shekara ashirin? Ta yi dariya tana tari. Ta ce, "Boleh," wato to, za a iya, a bakin mutanen nan.

Washegari muka fara. Ba dutsen niƙa a bene hawa na sha ɗaya, sai na ba ta tsumma ta durƙusa tana goge daɓen falo, tura gaba da murya, dawowa da iska. Ta zaɓi waƙa ɗaya da yaren Italiya. Ta yi layi ɗaya ta tsaya, ni kuma in amsa da Hausa, duk abin da ya zo bakina, wani lokaci kirarin manomi, wani lokaci jerin abin da za ta sayo mana a kedai, wato kanti. In ja shi har sai na ga kafaɗunta sun sauka. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Malay, ta ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa da takunkumi a fuska tana tambaya ko addu'a muke yi. Akwai ranakun da Rahila ta jefar da tsumman ta shige ɗaki. Ba na binta. In zauna a wurina in ci gaba da amshin ni kaɗai, da ƙarfi, har ta gaji da jina ta fito.

Wasiƙar kuwa ta rubuta, amma ba irin wadda ta yi niyya ba. Ta ce a ba ɗalibarta babban matsayin, wata yarinya 'yar China da ta shekara huɗu a hannunta, ita za ta shirya ta. Ta roƙi a bar mata waƙa ɗaya gajeriya, sauran wasan kuma ta tsaya cikin masu rerawa tare a baya. Sannan ta danna aikawa. Watannin da suka biyo ta riƙa koya wa yarinyar baitocin da ya kamata su fito daga bakinta, in an kashe kwamfuta sai ta ɗauki tsumma ta ce, "Mama, taso."

Da aka sassauta dokar kulle a shekarar 2022 aka yi wasan. An zaunar da mu ana tsallake kujera ɗaya, kowa da takunkumi. Na ga 'yata a layin baya cikin mutum ashirin, ta fi kowa tsayuwa a miƙe. Can aka zo wurinta, ta tako gaba ita kaɗai. Muryar ta sauko ƙasa da yadda na san ta, ta ƙara nauyi, amma ta kai har inda nake. Ta gama layin farko, wurin da kullum take tsayawa a falo, sai na ji bakina ya buɗe a ƙarƙashin takunkumi, na ja iska zan amsa. Ba ta tsaya ba. Ta wuce layi na biyu, ta wuce na uku, ta kai ƙarshe da numfashinta. Na rufe bakina na riƙe hannun kujera, mutane suna tafi ni ban iya ba.

Yanzu an ce mini a ƙauyenmu ba a gayya. Magani ake fesa wa ciyawa, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama gonar da a da take cin samari ashirin. Injin niƙa yana bakin kasuwa, duwatsun an jingine su a bayan gida kaji suna hawa. Jikokin Jummai suna da waƙa fiye da yadda muka taɓa samu, amma a cikin waya take, kowace ta toshe kunnenta tana ji ita kaɗai. Ba na cewa zamaninmu ya fi, don na ga jariran da tari ya ɗauke waɗanda yau allura ɗaya za ta tsare. Sai dai idan na tsaya a tagar nan ina kallon benaye, kowace taga da mutum a bayanta, nakan tambayi kaina, idan muryar ɗayansu ta tsinke, wa zai ja masa amshi har ya sha iska? Ni dai na samu, na kuma yi wa tawa.